Wasan Da Sara Ɗaya Ke Kwantar Da Jarumi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan wani wasa da yawancin iyaye a nan Bauchi ba su san shi ba, waɗanda suka taɓa jin labarinsa kuma sun ɗauke shi ko dai caca ko shirmen tsafin Turawa. Ni ma'aikacin jinya ne, na daɗe a ɓangaren da ake kawo waɗanda suka yi haɗari da waɗanda aka sara, kuma wannan aikin nawa ne ya sa nake ganin darajar wasan.

Ga yadda ake yin sa. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, a tebur ko a tabarma, kowa da takarda da fensir. Ɗaya ne mai jan labari, shi ke faɗin inda ake, da wanda aka tarar, da abin da ya faru. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, ya rubuta sunansa da sana'arsa da abin da ya iya, sannan ya riƙa magana da yanke shawara a madadinsa. Kamar tatsuniya ce wadda masu sauraro ke da bakin cewa Gizo kada ya bi ta nan, ya bi ta can. In an zo wurin da ba a san ko abu zai yiwu ba, misali haye kogi a kan doki da damina, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, lambar da ta fito ita ke raba gardama. Ba wanda ya ci wani, domin duk ayari ɗaya ake.

A Amurka aka soma shi a 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wanda har gobe shi ya fi suna. Ba shi na zo yabawa ba. A cikinsa jarumi yana hawa mataki daga 1 zuwa 20, ƙarfin ransa lamba ce da ke ta ƙaruwa har ta haura 100, alhali saran takobi bai cika rage masa abin da ya wuce goma da 'yan kai ba. A dokokin da suka fito a 2014, in ya samu hutun awa 8 sai ya tashi garau, ko da jiya saura ƙiris ya mutu. Ga matsafa masu jefa wuta, ga dodanni, ga alloli barkatai. Uban da ya leƙa ya ji ana wannan a zaurensa ya kore su, ban ga laifinsa ba.

Akwai wani reshen wasan kuwa, shi ne nake so a sani. A 1978 kamfanin Chaosium ya fitar da RuneQuest. Steve Perrin, jagoran waɗanda suka tsara dokokinsa, mutum ne da ya saba gwada faɗa da garkuwa a wata ƙungiyar masu raya al'adun zamanin da, saboda haka ya san yadda bugu ke sauka a jikin mutum. Duniyar da aka gina wa wasan cike take da sihiri, amma dokokin su ne abin ɗauka. Ba hawa mataki. Kowane abin da mutum ya iya, lamba ce cikin ɗari: in hawan dokinka 60 ne, sai ka samu 60 ko ƙasa da haka kafin ka tsira a kan sirdi. Gwaninta tana ƙaruwa ne in ka yi aiki da ita, kaɗan kaɗan. In an sare ka, sai an duba inda saran ya sauka, kai ne ko ƙirji ko ciki ko hannu ko ƙafa, kuma sulke yana rage zafin saran ne kawai a wurin da ya rufe. Sai a 1986 N. Robin Crossby, mazaunin Kanada, ya fito da HârnMaster, wanda ya ƙara matsowa kusa da gaskiya. Duniyarsa ta yi kama da Ingila ta zamanin sarakunan gargajiya da manoma, sihiri ƙalilan ne, mutum kan yi rayuwarsa bai gan shi ba. Rauni kuma sunansa rauni: ƙujewa ce, ko yanka, ko karaya. Yana ɗaukar kwanaki kafin ya warke, yana iya ruɓa, yana iya kashe mutum bayan an gama faɗan da daɗewa.

Edita, wannan na ƙarshen ne ya kama ni. Duk wanda ya yi aikin dare a ɗakin karɓar majinyata a garin nan ya san abin da sara-suka ke kawo mana. Yaro zai ɗaga hannu ya kare fuskarsa, adda ta sauka a tsintsiyar hannun, jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu su tsinke. Za a ɗinke fata, jini ya tsaya, 'yan uwa su yi hamdala su tafi. Bayan wata biyu ya dawo, yatsu uku ba sa rufuwa. A da tela ne, ko mai acaɓa, yanzu ba ya iya riƙe almakashi, ba ya iya matsa birki. Yaran nan ba su taɓa ganin wannan a fim ba, ba su gan shi a wasannin waya ba, inda ake harbin mutum ya ɓuya bayan bango na ɗan lokaci ya fito lafiya lau. Abin da suka sha tun suna ƙanana ke nan, cewa jiki abu ne da ke komawa yadda yake.

Ɗan yayata ne ya zo mana da wasan daga jami'a, kuma tun farko muka yi shawarar ba za mu ari ƙasar kowa ba. Labarinmu a nan gida yake, a Bauchin da Yakubu ya kafa a 1809, da ganuwarta da ƙofofinta. Mutanenmu fatake ne da za su fita da jakuna su nufi Kano, su kai fatu da auduga su komo da kanwa da rinannen tufafi. Akwai madugu, akwai maƙeri, akwai wanzami, akwai wata dattijuwa mai sayar da daddawa wadda ɗiyar ƙanena ke riƙe da ita, kuma ita ce ta fi kowa iya ciniki a ayarin. Kuɗinsu wuri ne, keso ɗaya wuri 20,000, kaya ne sosai, sai an yi lissafin jakin da zai ɗauka. Aljani kuwa ana jin labarinsa a gindin tsamiya, matafiya suna kauce wa wurin, amma ba wanda ya taɓa ganin sa ido da ido, yadda dai abin yake a hirar kakanninmu.

Akwai wani yaron maƙwabta da ke zama da mu, mai zafin kai, wanda uwarsa ke kwana da fargaba a kansa. Maharbi ya zaɓa. A wani zango cikin duwatsu, mai jan labari ya ce ga mutum uku sun tare hanya suna neman kuɗin wucewa. Kafin madugu ya buɗe baki, yaron ya ce shi ya zare wuƙa ya afka musu. Aka duba lamba, bai samu ba. Aka duba ta ɗan fashin, ya samu. Aka duba inda saran ya sauka, hannun hagu, ba lifidi ba komai. Mai jan labari ya ce hannun ya saki, baka ya faɗi ƙasa.

Ya juyo ya dube ni ya ce, "Kawu, sara ɗaya fa?"

Na ce masa, "Ɗaya ya isa."

Abin da ya biyo baya ya fi saran kansa koyarwa. Wanzami ya wanke ya ɗaure, amma bayan kwana biyu a cikin labarin lamba ta ƙi, ciwon ya kumbura, zazzaɓi ya rufe maharbi. Dole ayari ya tsaya a ƙauye, ana biyan abinci da masauki. Dole aka sauke kayan jaki ɗaya aka sayar da asara don a ɗora shi. Dattijuwa mai daddawa ta zauna tana lissafa masa abin da gaggawarsa ta jawo wa kowa, wuri da wuri, shi kuwa kansa a ƙasa. Ba wanda ya yi masa wa'azi. A zaman da ya biyo baya da aka sake tare su, shi ne ya fara cewa a tura madugu ya yi magana, a ba su goro da ɗan abin da ya sawwaƙa a wuce. Ba na cewa wasa ya shiryar da shi, shiriya ta Allah ce. Abin da na gani da idona shi ne yaro ya tsaya ya auna kafin ya zare ƙarfe, ko da na takarda ne.

Wannan shi ne daɗin irin waɗannan dokoki. Tunda faɗa na da tsada, sai basira ta samu wuri. Wanda ya iya magana, da wanda ya san hanya, da wanda ya iya ɗori, da wanda ya san farashin kanwa, duk suna da amfani daidai da mai takobi, wani lokacin ma fiye. Nasarar da aka samu kuma tana da ɗanɗano, domin kowa ya san da ƙyar aka sha. Ranar da ayarinmu ya hango ganuwar Kano ba a rasa rai ko ɗaya ba, sai da yaran suka tashi tsaye suna tafi.

Maganar ƙwaya kuwa ba zan tsallake ta ba. Akwai hadisin da ya yi hani ga wasan nardu, wani tsohon wasa da ake jefa ƙwaya a cikinsa, kuma malamai da yawa suna ƙyamar duk wasan da ake jefa ƙwaya saboda shi. Muna girmama wannan. A gidanmu takardu goma muka yanka, muka rubuta 0 zuwa 9, muka zuba a hula. A ja ɗaya a mayar, a sake ja, an samu lamba cikin ɗari ke nan. Ba a sa ko sisin kwabo, kuma ana kiran salla ake ajiye fensir.

Roƙona yana ga marubutanmu na Hausa da malaman tarihi na makarantun Bauchi da Gombe. Littattafan nan da Turanci suke, suna da kauri, suna da tsada, kuma labarin wasu ne a ciki. A 2023 Chaosium ta saki tushen dokokin nan na lamba cikin ɗari, wanda ake kira Basic Roleplaying, a ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar gina nasa wasan a kai ya buga. Ke nan ba abin da zai hana a samu ɗan ƙaramin littafi da Hausa, mai shafi talatin ko arba'in, da sana'o'inmu da makamanmu da zangunanmu, daga hanyar Kano har zuwa mashigin Gongola ta wajen Gombe Abba. Masanin tarihi ya kawo hanyoyi da haraji da kayan fatauci, marubuci ya kawo mutane da rikicinsu, ɓangaren rauni da jinya kuwa ni na ɗauki nauyinsa kyauta. Duk mai sha'awa ya rubuto ta wannan shafi, in Edita ya amince ya haɗa mu.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin jinya,
Unguwar Jahun, Bauchi.