Ƴan uwa masu gyaran kwamfuta, a daina saurin yin fomat

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki. Ni mai gyaran kwamfuta ne a nan Makka wajen Shari' Mansur, kuma ina so ka ba ni ɗan fili in yi magana da ƴan uwana masu wannan sana'a, na nan Saudiyya da na gida, domin akwai ɗabi'ar da ta yi mana katutu wallahi tana damuna. Da an kawo laftof ana kukan tana zafi, fanka na ta ihu, batir baya riƙe caji, sai ka ji an ce ai zafin Makka ne, ko a yi fomat, wato a goge komai a sake ɗora Windows, ko a sa mutum ya cire riyal ya sai sabon batir, bayan sati biyu ya dawo da matsalar nan dai.

Alhali sau da yawa abin da ke faruwa shi ne wani direba ne, wato ƴar manhajar da ke sarrafa wata na'ura a kwamfuta, ko wata manhaja ke hana furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, barci. Kanel, wato zuciyar Windows ko Linux, tana riƙe da jerin taimomi, wato agogunan tunatarwa, kowane direba na iya cewa a tashe ni bayan lokaci kaza in duba na'urata. To idan direban bai da kyau sai ya riƙa neman a tashe shi ba ƙaƙƙautawa, kamar yaron da ke ƙwanƙwasa ƙofa kowane daƙiƙa, furosesa ba ta samun shiga hutu mai zurfi, daga nan zafi da shan batir suke fitowa.

Kuma abin ba ɓoyayye ba ne ya jama'a. A Windows agogon tsarin yana bugawa ne duk milisakan 15.6, kusan sau 64 a daƙiƙa kenan, amma manhaja na iya roƙon a mai da shi milisakan 1, ka ga ya koma sau 1000. Ka buɗe cmd, tagar rubuta umarni, a matsayin admin ka rubuta powercfg /energy, ka bar ta daƙiƙa 60, za ta fitar maka da rahoto har da sunan wanda ya nemi a ƙara saurin agogon. In kuma sauti ke sarƙewa manhajar LatencyMon za ta nuna maka fayil ɗin direban da ke riƙe furosesa. A Linux akwai powertop da Intel suka fitar a 2007, yana jero masu tashin furosesa, sannan fayil ɗin /proc/timer_list na nuna taimomin da ke jira da sunan aikin da za su kira, ka ɗauki sunan ka nema a /proc/kallsyms za ka ga mojul ɗin da ya mallake shi a gefe, wato ɓangaren kanel kamar direba, sai umarnin modinfo ya faɗa maka ko na menene. Masu bin tsofaffin darussa su lura, /proc/timer_stats an cire shi tun Linux 4.11 a 2017, yanzu da kayan bincike na perf ko ftrace ake bin sawun taimomin.

Kwanaki wata Hajiya mai harkar kago ta kawo min tata, an riga an canza mata batir a wani shago, ƙasan laftof ɗin ko cinya ba ka iya ɗora shi. Na ce Hajiya ki yi haƙuri ki zauna. Muna kallo tare direban wani ɗan ƙaramin wayfay na USB mai araha ya hau saman jerin masu tashin furosesa, na zare shi na cire direban, kafin ta gama shan shayinta fanka ta yi shiru.

Wani abin da ya fi wannan tsoratar da ni shi ne tsaro. Miyagun manhajoji irin su Rustock da ZeroAccess sun yi amfani da taimomin kanel don su riƙa farkawa a ɓoye, shi ya sa Volatility, manhajar binciken memori, ke da umarnin timers da ke jero kowace taima da mojul ɗinta, in ka ga wadda ba ta da mai ita, an rubuta UNKNOWN a gabanta, to tsaya ka bincika sosai kafin ka miƙa wa mutum kwamfutar da yake tura kuɗin jama'a da ita.

Don Allah Edita ku riƙa sa irin wannan a shafinku na kimiyya, da hoton allo yadda yaranmu masu koyo za su bi mataki mataki, ni a shirye nake in turo hotunan.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta, Shari' Mansur, Makka