Zuwa ga ɗana: tsakanin hange da leƙe

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan gida.

Saƙonka ya iso, inda kake tambayar bambancin spy da espy saboda jarrabawar da ke gabanka. Na ji daɗin tambayar, don kalmomi ne da na daɗe ina koyar da su a aji.

Su biyun uwa ɗaya ta haife su. Daga tsohon Faransanci suka zo, daga kalmar espier, cikin tarin kalmomin da suka kwarara cikin Turanci bayan mutanen Normandi da ke arewacin Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Daga baya kowace ta kama gabanta. Espy hange ne. Kana cikin mota ka tsinkayi hasumiyar masallaci daga nesa, ba nemanta ka yi ba, ido ne ya faɗa kanta. Kalmar ta tsufa, sai a littattafan adabi; a bakin mutane yau spot za ka ji. Glimpse kuwa gani ne na ƙiftawar ido, kamar mutum ya gifta ta ƙofar zaure ka ga gefen rigarsa kawai.

Spy ce mai fuska biyu. Yaran Ingila suna da wasan da ake farawa da I spy: ɗaya ya hango abu, ya faɗi harafin farko na sunansa, sauran su canka. A nan gani ne zalla. Amma da zarar an ce spy on, magana ta koma leƙen asiri, don haka ka kula da wannan 'yar kalma on a jarrabawa. Daga wannan saiwa espionage ta fito, leƙen asirin da ƙasashe ke yi wa juna. Wanda aka dasa cikin hukuma yana kai wa abokan gaba rahoto kuma mole suke ce masa, sunan wata 'yar dabba mai haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa. Irinsu ne Kim Philby, da ya yi shekaru a hukumar leƙen asirin Birtaniya yana yi wa Tarayyar Sobiyat aiki, har ya tsere Mosko a 1963.

Wadda na fi so ka riƙe ita ce eavesdrop. Eaves shi ne bakin rufin ɗaki inda ruwan sama ke zubowa, wurin da mu muke sa indararo. Wanda ya maƙale a nan jikin bango yana sauraron hirar mutanen ciki, daga tsayuwar tasa aka samo masa suna. Laɓe ke nan, kuma Turawa ma ba su ɗauke shi abin arziki ba.

To, ga abin da ya sa na zauna na rubuto maka maimakon in amsa a taƙaice. Ummanka ta gaya mini ka ce abokin ɗakinka yana zaginka a bayan ido. Da ta tambaye ka yadda aka yi ka sani, ka ce wayarsa ka ɗauka yana wanka, ka karanta hirarsa ta WhatsApp. Wallahi raina ya ɓaci, ɗana, na kwana da abin. Da a ce wayar ce ta haska a kan tebur idonka ya faɗa kan sunanka, wannan glimpse ne, sai ka kau da kai. Kai kuwa ɗauka ka yi, ka buɗe, ka bi saƙo bayan saƙo. Wannan spy on ne.

Ka san aya ta 12 a Suratul Hujurat tun kana allo. Allah ya jero abu uku: yawan zato, binciken asirin mutane, da yi da su. Haka ya faru da kai a jere: ka zarge shi, ka leƙa, sannan ka kai labarinsa gida. Ya kuma zo a Bukhari cewa wanda ya saurari zancen mutane alhali ba sa so, za a zuba masa narkakkiyar dalma a kunne ranar alƙiyama. Ni ban ga bambanci tsakanin mai kasa kunne a gindin indararo da mai buɗe wayar wani ba.

Ban ce zagin da ya yi maka daidai ne ba, na san ya yi maka ciwo. Amma ka fara da naka laifin. In ka ɗauki hoton hirar, ka goge, kada ka tura wa kowa. Ka same shi ku biyu, ka faɗa masa abin da ka yi, ka nemi afuwa, sannan ka tambaye shi abin da ka yi masa. Ka kira ni bayan kun yi maganar.

Ummanka ta ba direba ƙullin kilishi da yaji, zai iso ranar Asabar, ka ɗiba wa abokin ɗakinka. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.