Wasiƙa Daga Landan Kan Faifan Daren Ƙarshen 1977

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da su Baba, kamar yadda nake a nan lafiya lau, in ban da sanyin da ya fara shigowa. Dalilin rubuto maka ita shi ne tambayar da ka yi mini ranar da muka yi waya, lokacin da ka ji wata ƙara tana tashi a ɗakina har ka ce ko na koma zama kusa da maƙera ne. Na ce maka kiɗa ne, ka ce in kiɗa ne to ina daɗinsa yake, kafin in ba ka amsa kuma layi ya katse. Tun ranar tambayar take cina, domin na san kai mutum ne mai kunnen kiɗa, shi ya sa na ga ya dace in zauna in amsa maka a tsanake.

Abin da ka ji sunansa pank, wani reshe ne na kiɗan rok da ya ɓullo a biranen Niyok da Landan tsakanin 1974 da 1977. Kalmar a bakin Amurkawa zagi ce, kusan abin da mu muke kira ɗan tasha, wato yaron da ba a sa ran zai zama wani abu, sai samarin suka karɓe ta suka mai da ita sunansu. A lokacin biranen biyu suna cikin matsi. A 1975 saura ƙiris hukumar birnin Niyok ta kasa biyan basussukanta, a Birtaniya kuwa marasa aikin yi sun haura miliyan ɗaya, har gwamnati ta nemi rance daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1976. Manyan makaɗan rok na zamanin sun yi wa talaka nisa, suna wasa a filayen ƙwallo da kayan kiɗa cike da manyan motoci, waƙa ɗaya kan kai minti 20 ba a sauke ta ba. Yaran da ba su da kuɗin irin waɗannan kaya, ba su kuma shafe shekaru suna koyo ba, sai suka rarumi jita da ganguna suka amayar da abin da ke cikinsu a minti biyu.

Faifan da ka ji na ƙungiyar Ramones ne, samari huɗu daga unguwar Forest Hills ta Niyok, waɗanda ba su haɗa uwa ko uba ba amma kowannensu ya ɗauki sunan Ramone kamar 'yan gida ɗaya. Sunan faifan It's Alive, an ɗauke shi a gidan wasa na Rainbow da ke Finsbury Park a nan Landan, a daren 31 ga Disamba 1977, aka fito da shi a 1979. Waƙa 28 ne a cikinsa, dukkansu kuma ba su cika awa ɗaya ba. Ginin yana nan har yanzu a kan titin Seven Sisters, an gina shi a 1930 a matsayin gidan sinima mai cin mutum kusan 3,000, yau kuma ya zama coci. Ina bi ta gabansa a bas idan zan je aiki, kuma duk ranar da faifan yake kunnena sai na waiga na dube shi.

Bari in gaya maka abin da ke kama ni a cikinsa. Ka san a ko'ina idan mawaƙi ya sauke waƙa akan ba shi sarari ya numfasa, jama'a su yi tafi, shi ma ya ce wani abu. Waɗannan ba su yarda da wannan sararin ba. Kafin ƙarar waƙar da ta ƙare ta mutu a kunne, sai ka ji Dee Dee, ɗaya daga cikin samarin huɗu, wanda ke kaɗa jitar nan mai kaurin sauti, ya ƙwala ƙirge daga ɗaya zuwa huɗu da iyakar ƙarfin maƙogwaronsa, wata waƙar ta faɗo. Tafin jama'a ba ya samun inda zai zauna, sai ya shige cikin waƙa ta gaba ya zama wani ɓangare nata. Johnny mai jita kuwa ƙasa kawai yake dukan tsirkiya, ba ya dawowa da hannu sama ya kaɗa kamar yadda sauran makaɗa suke yi don hannu ya huta, kuma haka yake yi cikin sauri tun daga farkon dare har ƙarshensa. Duk wanda ya taɓa yin daka ko sussuka ya san abin da maimaita bugu ɗaya yake yi wa damtse. Wannan bugun ne ya sa sautin ya haɗe ya zama kamar ruwan sama a kan kwano, Tommy yana riƙe da shi da ganguna ba ya ƙara komai ba ya rage komai, Joey kuma, dogon nan da gashi ya rufe wa fuska, yana rera waƙa a sama da murya mai zaƙi wadda ba ka zata daga irin wannan hayaniya ba. Idan ka saurara da kyau za ka ji cewa karin waƙoƙin masu sauƙi ne, yaro ma zai iya kama su a ji ɗaya, gudun ne kawai yake ɓoye su a jin farko.

Ina da faifansu na farko wanda suka ɗauka a situdiyo a 1976, waƙa 14 cikin minti 29, da kuɗin da bai wuce dala 6,400 ba. Yana da kyau, amma idan na gama jin na Rainbow na koma kansa sai in ji kamar dokin da aka ɗaure a turke bayan na gan shi a filin sukuwa. Waƙoƙin su ne dai, kalmomin ba su canza ba. Bambancin shi ne a situdiyo mawaƙi yana da damar sakewa idan ya yi kuskure, a gaban mutum dubu uku kuwa abin da ya fito ya fito, kuma kunne yana gane mutumin da ya san ba shi da damar sakewa.

A nan akwai abin da ya taɓa sosa mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Makaɗin gangar da ya gaji Tommy a 1978 ya taɓa faɗi a wata hira cewa an sake ɗaukar muryoyi da jita na wannan faifai a situdiyo, gangunan ne kawai na ainihin daren. Na yi kwanaki ban kunna shi ba, domin na ji kamar an sayar mini da zuma an gauraya ta da sukari. Abin da ya dawo da ni shi ne fitowar da aka sake yi masa a 2019, wadda ta haɗa da darare ukun da suka gabaci na Landan, wato na Birmingham da Stoke da Aylesbury, daga 28 zuwa 30 ga Disamba. Na zauna na ji su ɗaya bayan ɗaya, na tarar gudun nan yana nan, ƙirgen Dee Dee yana nan, rashin hutun yana nan dare huɗu a jere. Ko an shafa wa faifan mai daga baya, ƙashin bayansa na gaske ne, domin gangar ce take ja, kuma ba a situdiyo aka ƙirƙiri ihun mutanen da suka cika zauren ba.

Na san za ka fi kowa fahimtar wannan, saboda ka tuna kasakasan marigayi Alhaji Mamman Shata da muke ji a shagon Baba muna yara. Akwai waɗanda aka ɗauka tsaf a gidan rediyo, akwai kuma waɗanda wani ya ajiye rakoda a kan tabarma a wurin biki ya ɗauka, inda ake jin kalangu yana neman fasa lasifika, sanƙira yana ratsowa da kirari, mata suna rangaɗa guɗa, wani ya yi kyauta waƙar ta juya kansa nan take. Kai da kanka ka sha cewa na wurin biki sun fi rai. Ba ina haɗa Shata da waɗannan samari a gwaninta ba ne, shi gwani ne da ya gama sanin harshe da kiɗa, su kuwa yawancinsu koyo suke yi a bainar jama'a. Inda suka haɗu shi ne a kaset ɗin da ya kama wuri da mutanensa tare da waƙar.

Faifan da ya fi nuna wannan shi ne wanda aka ɗauka a wani ƙaramin kulob mai suna Roxy, a titin Neal da ke Covent Garden, tsakanin Janairu da Afrilu 1977. Ƙungiyoyi takwas ne a ciki, kuma masu ɗaukar sautin sun ɓoye makirufo a sassan ginin, don haka tsakanin waƙa da waƙa kana jin hirar 'yan kallo da gardamarsu da ƙarar kofuna. Wasu daga cikin makaɗan, kamar 'yan ƙungiyar Eater, 'yan makaranta ne a lokacin. Kana jin jita ta saki layi, kana jin mai ganga ya riga sauran, kana jin wani daga cikin taro yana yi wa mawaƙi tsawa shi kuma yana rama masa. Wanda ke ƙasa yau yana kallo, mako mai zuwa shi ne a kan dandamali. Wadda ta fi tsaya mini a rai a faifan ita ce Poly Styrene ta ƙungiyar X-Ray Spex, yarinya 'yar shekara 19 wadda mahaifinta Basomale ne, da murya kamar kakaki, tana ɗaga ta a wurin da ba a saba ba mace baƙar fata makirufo ba. Mai sa faifai a kulob ɗin kuma, Don Letts, ɗan mutanen Jamaika ne, da yake faifan pank ba su da yawa a lokacin sai yake cike gurbi da kiɗan rege na Jamaika, ta nan kiɗan biyu suka ƙulla zumunci.

Ba duk abin da ke cikin wannan duniya nake yabo ba. Akwai ashar a bakin wasunsu, akwai tofa wa juna yawu da aka mayar al'ada a Landan, akwai ƙwaya da ta kashe Sid Vicious, makaɗin ƙungiyar pank ta Sex Pistols, a 1979 yana da shekara 21, ta kuma kashe Dee Dee kansa a 2002. Akwai wani faifan ƙungiyar Stooges, Metallic K.O., wanda ya ƙunshi wasansu na Fabrairu 1974 a Detroit, inda ake jin kwalabe suna fashewa a kan dandamali saboda jifan da 'yan kallo suke yi musu. Sau ɗaya na ji shi ban sake ba, domin ƙarfin da ke cikinsa na gaba ne da ƙiyayya. Na fi son abin da ƙungiyar Fugazi ta birnin Washintan ta yi daga 1987. Sun tsayar da kuɗin shiga a kan dala 5 a yawancin wasanninsu, sun buɗe ƙofa ga yara da manya, kuma idan wani ya fara bangaje mutane sai su tsayar da waƙa a tsakiya, su mayar masa da kuɗinsa, a nuna masa ƙofa. Sun adana sautin wasanninsu sama da 800, suka fara sa su a intanet a 2011 yadda suke, har da dararen da muryar mawaƙi ta dushe da wuraren da aka tsaya ana sulhu.

Zan turo maka faifan Rainbow ta WhatsApp a ƙarshen mako. Roƙona shi ne kada ka ji shi ta lasifikar waya kana cikin shago ana ciniki. Ka bari sai bayan isha'i gida ya yi tsit, ka sa abin ji a kunne, ka ba shi waƙa shida na farko a jere ba tare da ka tsallake ko ɗaya ba, ba za su ci maka fiye da kwata na awa ba. Ka sa kunne a daidai inda waƙa take ƙarewa wata take farawa, sannan ka rubuto mini ko har yanzu maƙera kake ji. Idan kuma tsofaffin kasakasan nan na wurin biki suna nan a akwatin Baba ba su lalace ba, don Allah ka sa a juye mini ko guda biyu ne a waya, ina so in ji su a dare ɗaya da wannan.

Ka gaida uwargida da yara, ka miƙa gaisuwata ga Baba da Inna, ka ce ina neman addu'arsu.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Landan