Gombe na faɗaɗa, amma ina ruwan zai bi?

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri, dan Allah ka ɗan sam min fili a jaridarka in yi magana kan yadda garinmu Gombe yake ta buɗewa gabas da yamma, don wallahi abun yana bani sha'awa kuma yana bani tsoro.

Mutane na ganin wannan cikowar gari kamar mu aka fara yi wa, alhali Turawan Ingila sun sha ta tun kusan shekara 200 da suka wuce, kuma sun sha da ɗaci. Ɗauki Mancesta, eh waccan dai da yaranmu suka sani da ƙwallo. A 1801 mutanenta ba su kai 100,000 ba, amma zuwa 1851 sun haura 300,000, ba komai ya jawo haka ba sai masaƙun auduga masu aiki da injin tururi, manomi ya bar gona, ɗan Ayalan ya tsallako teku saboda yunwa, kowa dai ya nufi inda hayaƙi ke tashi. A 1830 aka buɗe layin dogo tsakaninta da Libapul inda jiragen ruwa ke sauke auduga, sai abun ya ƙara gudu. Landan kuwa daga wajen miliyan 1 a 1801 ta wuce miliyan 6 a 1901. Ƙidayar 1851 ma ta nuna mazauna birane a Ingila sun fi na karkara yawa.

To a ina aka zuba wannan jama'a? Masu kuɗi suka dinga sayen fili suna jera gidaje baya da baya, bango ɗaya gida biyu, babu taga ta baya balle iska ta ratsa, layi guda sukutum masai ɗaya ko biyu, wasu iyalan ma a ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke kwana inda ruwan kwata ke tsattsafowa. Ba wanda ya tsaya tambayar ina ƙazanta za ta bi, kowa kuɗin haya yake lissafi. Sai ga kwalara ta shigo a 1831 zuwa 1832, ta dawo a 1848. Wani jami'i Edwin Chadwick ya fitar da rahoto a 1842, a ciki ya nuna a gidajen leburorin Mancesta in aka haɗa da jarirai matsakaicin shekarun mutuwa 17 ne, alhali a karkarar Rutland 38. Kai jama'a, mutum ya baro ƙauye neman arziki ya zo ya tarar da kabari ya fi kusa.

Labarin da ya fi tsaya min a rai shi ne na 1854 a unguwar Soho ta Landan. Amai da gudawa ya ɓarke, cikin kwana 10 mutum sama da 500 sun tafi, manya na cewa ai mugun wari ne ke kawo cutar. Wani likita John Snow bai yarda ba, ya bi gida gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, ya zana taswira, sai ga shi kusan duk sun kewaye famfo ɗaya ne na titin Broad Street. Ya lallaɓa hukumar unguwar aka cire hannun famfon. Daga baya aka gano ramin masai na nan dab da rijiyar, yana tsiyaya a ciki.

Yanzu Malam Edita ka shiga kowace sabuwar unguwa a bayan garin nan ka duba. An yanka fuloti, mai shi ya sake raba shi biyu ya sayar, wannan ya haƙa shadda a kusurwar gidansa, maƙwabcinsa na bayan katanga ya haƙa rijiya ko ya buga bohol a daidai wurin, tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba, kuma ba mugunta ba ce, filin ne ya ƙare. Layin ma wani wurin da ƙyar mai kurar ruwa zai wuce da jarkokinsa balle motar kashe gobara. In damina ta sauka kuma ruwa ya rasa hanya sai ya yi wa kansa, ƙasarmu ga ta yashi, shi ya sa kwazazzabai suke ta cin gidajen mutane.

Su can Ingila fa ba tausayin talaka ne ya motsa su da farko ba, kar mu yaudari kanmu. An yi dokar lafiyar jama'a a 1848 amma aiki na tafiyar hawainiya, sai a zafin 1858 da kogin Thames na Landan ya ɗau ɗoyi, majalisa kuma a bakin kogin take, 'yan majalisa suna toshe hanci da hankici, nan da nan cikin 'yan makonni aka amince da kuɗi, injiniya Joseph Bazalgette ya shimfiɗa magudanan ƙarƙashin ƙasa sama da mil 1,000 waɗanda har yau ana morar su. Shikago ta Amurka ma da ta tashi daga mutum wajen 4,000 a 1840 zuwa sama da miliyan 1 a 1890, sai da suka riƙa ɗaga manyan gine-gine da jak don a samu gangaren da ruwa zai bi, ka ji irin tsadar gyara bayan an gama gini.

Abun da ya fi damuna kuma, su aƙalla masana'anta ce ta kira mutanen, akwai albashi komai ƙanƙantarsa, akwai harajin da daga baya aka yi aikin da shi. Mu ma Gombe auduga da jirgin ƙasa sun taɓa ɗaga ta, unguwar BCGA ai sunan ƙungiyar auduga ce da aka kafa a Mancesta ɗin nan a 1902. Amma cikowar da muke gani tun da aka ƙirƙiro jiha a 1996, sannan 'yan uwanmu na Borno da Yobe suka taho gudun rikici, ba injin masaƙa ne ya kira su ba, yawanci acaba ne da Keke Napep da leburanci da ɗan tireda. Wato muna da cunkoson ba mu da kamfanonin.

Roƙona ga mahukunta shi ne kafin a bari a aza bulo ɗaya a sabon fegi, a fara fitar da titi da kwalbati da filin makaranta da na asibiti, a kuma sa ƙa'idar nisa tsakanin shadda da rijiya wadda masu unguwa da duba-gari za su sa wa ido da gaske, ruwan madatsar Dadin Kowa kuma a ja bututu ya isa unguwannin gefe. Ku ma 'yan jarida dan Allah ku tura wakilinku wajajen Tumfure da Kagarawal kafin ruwan bana ya sauka, ya tambayi dillalan fili ko a cikin awon nasu akwai inda suka bar wa ruwa hanya.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku mai karatu,
daga Pantami, Gombe