Kafin a gina mana mol a Zariya, a dubi kasuwanninmu

Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni fili in yi magana kan abin da matasanmu ke ta yayatawa a Facebook, wai Zariya an bar ta a baya tunda har yau ba mu da katafaren mol irin Ado Bayero Mall na Kano ko Jabi Lake Mall na Abuja. Ni ban ƙi mol ba, wallahi ina son wurin, amma ina ganin mun ɗauko maganar ta wutsiya.

Duk wanda ya shiga na Kano da ke titin Zoo Road, wanda aka buɗe a 2014, ya san abin da ke burge mutum. Akwai filin fakin, ka ajiye mota ba mai tare ka, ga masu gadi, ga bayi mai tsafta da ruwa a famfo, ga sanyin esi, kaya kowanne da farashinsa manne a jiki, ka tura keken sayayya ka biya da kati a ba ka rasit. Uwa za ta iya riƙe hannun yaranta ta zaga a natse ba ɗan dako da zai bangaje ta da baro. To amma mu tambayi kanmu, nawa ne daga cikin masu cika wurin ranar sallah suke sayen wani abin kirki? Mafi yawa hoto ya kai su, a sha askirim a dawo gida, kuma hoto ba ya biyan hayar shago balle dizal ɗin janareta.

Shoprite da kansa, wanda a da shi ne babban kantin da ke jan jama'a zuwa wurin har mutane ke kiran ginin gaba ɗaya da sunansa, ya rufe reshensa na Kano a watan Janairun 2024. Kasuwannin Kano kuwa, Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, suna nan cike maƙil, ƴan sari na zuwa har daga Nijar da Chadi. Dalili a fili yake, a kasuwa kana taya kaya a ce albarka ka ƙara a sallama, mai shago ya san ka ya san mahaifinka, in wata ya yi nisa ya auna maka shinkafa kwano biyu ya rubuta a littafi sai albashi ya shigo. Wane mol ne zai yi wa malamin firamare haka?

Abin da ke ci min rai shi ne, abubuwan nan da muke yabawa a mol ba wasu abubuwan al'ajabi ba ne, kasuwa ma ta cancance su. Ka shiga kasuwa da damina ka ga yadda mata ke tattare zani suna tsallake taɓo, kwata ta toshe da leda, wayoyin wuta sun sarƙe a saman rumfuna, layi ya matse ta yadda ko Keke Napep ba ya wucewa balle motar kashe gobara. Mun ga abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi a 2016, mutane sun kwana da dukiya sun wayi gari da toka. Kuma kullum ana karɓar kuɗin haraji a hannun ƴan kasuwar nan, har mai tallan tumatir a faranti ba a bari.

Ina roƙon gwamnatin Kaduna da shugabannin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, in mai kuɗi ya zo zai gina mol da kuɗinsa a yi masa maraba, amma kuɗin gwamnati a sa shi a kasuwannin Tudun Wada da Samaru da Sabon Gari da ta cikin birni: magudanar ruwa, bayi na mata daban, fitilun sola, borehol da tankin ruwa saboda gobara, da wurin sauke kaya. In kuma gyaran zai kai ga rusau, a zauna da masu rumfuna tun kafin a kawo katafila, a rubuta sunan kowa, a tabbatar kuɗin sabon shago bai fi ƙarfin wanda aka tasa ba.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya.