Rahoton ayyukan shekara: tsirran fan na kurmin bakin kogi

Ranka ya daɗe shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa membobi maza da mata, assalamu alaikum.

Ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare. Zan fi daɗewa a kan ƙidaya da gwajin dashe, domin nan muka zuba yawancin ƙarfinmu, nan kuma muka yi tuntuɓe.

Saboda sababbin membobi, bari in ɗan koma baya. Fan tsiro ne da ba ya fure, ba ya 'ya'ya. In ka juya bayan ganyensa za ka ga ɗigo-ɗigo ko layuka masu ruwan ƙasa, waɗanda baƙo kan ɗauka wata cuta ce. Ƙananan jakunkuna ne cike da ƙurar haihuwa. Ƙurar nan in ta faɗi a wuri mai laima sai ta fito da wani ɗan falle kore mai siffar zuciya, da ƙyar ya kai farcen ƙaramin yatsa. A jikinsa ne ƙwayar namiji ke iyo cikin ɗan ruwa har ta iske ta mace, sannan sabon fan ya tsiro. Masanin nan na Jamus, Wilhelm Hofmeister, shi ya warware wannan zagaye a 1851. To in babu wannan ɗan ruwa babu haihuwa, ko da manyan tsirran na tsaye suna sheƙi. Abin da ya ɗaure fan da kurmin bakin kogi ke nan: inuwar manyan itatuwa, feshin ruwa da ke tashi daga duwatsu, da iskar da ba ta bushewa da rana. Rabe-raben da masana suka fitar a 2016 ya lissafa nau'i 11,916 na fan da takwarorinsu masu yaɗuwa ta ƙura, kuma mafi yawansu a wurare masu ɗumi da laima suke.

Bana mun sauya salon ƙidaya. A da kowa kan bi gaɓa ya rubuta abin da idonsa ya gane masa. Yanzu mun ja layuka daga bakin ruwa zuwa kan tudu, muna komawa wuri guda da damina da rani. Nan take bambancin ya fito. A kan duwatsun da ruwa ke shanyewa in kogi ya cika akwai Bolbitis, manne da dutse kamar an liƙa shi. Cikin lungunan da rana ba ta leƙawa muka tarar da 'yan gidan Hymenophyllaceae, waɗanda kaurin ganyensu ƙwayar halitta ɗaya ce tak, har kana iya hango haske ta cikinsa. A bangon gaɓa ga Adiantum mai baƙin kara siriri kamar gashi, a can sama jikin rassa kuma ga Asplenium da Platycerium, masu tara busassun ganye su yi wa kansu taki ba tare da sun taɓa ƙasa ba.

Abin da nake so kowa ya riƙe daga ƙidayar shi ne wannan. Duk inda aka sare manyan itatuwa, masu siririn ganyen nan ne ke fara ɓacewa, tun kafin a ga wani sauyi a sauran ciyayi. Wanda ke maye gurbinsu kuwa shi ma fan ne, Pteridium aquilinum, mai son rana. A fitarmu ta farko wasu sun yi ta murna da suka ga fili guda ya cika da shi kore shar, har aka ɗau hotuna. Ashe tabon sara da gobara muke yi wa murna. Saiwarsa na tafiya can ƙarƙashin ƙasa inda wuta ba ta kai, daji na ƙonewa shi ne farkon tohowa, ya shaƙe 'yan itatuwan da ke son tasowa. Ga shi guba ne ga dabbobi: shanun da suka daɗe suna cinsa kan yi fitsarin jini. Saboda haka daga yanzu ba yawan ganye za mu riƙa aunawa ba, yawan nau'i ne, da kuma wane nau'in ke zaune a ina.

Sai gwajin dashe, wanda dole in faɗi gaskiya a kansa tunda ina cikin waɗanda suka matsa a yi. Kwamitin reno ya yi aikin a yaba. Sun tara ƙura a cikin takarda, suka ƙona ƙasar shuka da tafasasshen ruwa don kashe gansakuka da naman gwari, suka barbaɗa a robobi masu murfi, suka yi watanni suna jira. Tsirran sun fito. Mu kuma muka yi gaggawa, muka kai wani kaso gaɓar da aka sare, wai don mu farfaɗo da ita. Da damina sai ka rantse sun kama. Rani na shigowa suka ƙone ƙurmus. Waɗanda aka dasa ƙarƙashin inuwa, kusa da wata 'yar ƙorama, suna nan da ransu har wasu sun fara fitar da ƙura. Mun ɗora kaya kafin mu ɗaura sirdi. Kwamitin ya ba da shawara, ni ma na goyi baya, a dakatar da dashen fan a buɗaɗɗen fili har sai itatuwan asalin wurin da muka shuka sun haɗa inuwa, ko da hakan zai ci shekaru.

Wani abin da bai cikin tsarinmu ya faɗo mana a tsakiyar shekara. A wani kwanciyar ruwa da ke gefen kogin aka ga Salvinia molesta, fan mai yawo a saman ruwa, ɗan asalin Brazil. Wanda bai san shi ba ya tambayi tarihin tafkin Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, inda ya rufe makeken fili a farkon shekarun 1960. Cikin 'yan kwanaki yake ninka kansa in ruwa ya yi masa daɗi, ya tare haske, iskar da kifi ke shaƙa ta yi ƙaranci. A Ostareliya sai da aka shigo da wani ɗan ƙwaro daga ƙasarsa ta asali a 1980 aka shawo kansa. Mu da hannu da raga muka kwashe, muka shanya nesa da ruwa, muka kuma sanar da hukumar da abin ya shafa. Guntu ɗaya in ya saura ya isa ya dawo da shi, don haka za a ci gaba da leƙa wurin. A kula kada a rikita shi da Azolla, shi ma fan mai yawo a ruwa, wanda ya fi shi ƙanƙanta, wanda manoman shinkafa a Sin da Biyetnam suka daɗe suna takin gona da shi.

Ziyarar makarantu ta gudana, yara sun fi son madubin ƙara girma fiye da jawabinmu. Bayanin kuɗi ma'aji zai karanta da kansa.

Akwai maganar da ba ta da daɗi amma sai an yi ta. An ga wasu daga cikinmu suna tumɓuke tsiro su kai gida don ado. A ƙarni na 19 irin wannan sha'awa ta kama mutanen Birtaniya har suka kusa ƙarar da wani nau'i da ake kira fan ɗin Killarney, kuma masoyansa ne suka yi ɓarnar. Fan masu tsayin itace na jinsin Cyathea ma sai da yarjejeniyar CITES ta kare dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka sa wa hannu a 1973, ta sa ido a kan cinikinsu tsakanin ƙasashe. Dokar ƙungiya na nan yadda take: a ɗau hoto gaba da bayan ganye, in ya zama dole a yanki ganye ɗaya don ajiya, saiwa kuwa ba a taɓa ta. Masu ɗora hotuna a iNaturalist, shafin intanet na adana bayanan halittun da aka gani, su ɓoye ainihin wurin duk nau'in da ba shi da yawa.

A shekara mai zuwa za mu ci gaba da bin layukan ƙidaya, mu ƙara shuka itatuwa a gaɓar da aka sare, mu kuma zauna da masu gonakin da ke bakin ruwa a kan barin tazara tsakanin noma da gaɓa. Wannan zama shi ne mafi wuya, kuma muna neman dattawan ƙungiya su shige gaba. Waɗanda madubai da littattafan rubutun fita ke hannunsu, don Allah a miƙa wa ma'ajin kaya kafin a tashi taro.

Sakataren ƙungiya