Su Wa Suka Yaye Hazon Farkon Sararin Samaniya? Da Sauran Rina a Kaba

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku don in yi tsokaci kan labarin da ake ta yaɗawa cewa na'urar hangen nesa ta James Webb ta gano abin da ya yaye hazon da ya lulluɓe sararin samaniya a farkon samuwarsa. An samu ci gaba ƙwarai, amma maganar ba ta kai ga hukunci ba.

Kimanin shekara 380,000 da somawar sararin samaniya, zafi ya sauka zuwa wajen digiri 3,000, elektaron suka haɗe da furoton (ƙananan ɓurɓushin da ke haɗuwa su zama ƙwayar zarra), aka samu iskar haidirojin marar caji. Wannan iska ita ce hazon, domin tana shanye duk hasken da tsawon zangonsa bai wuce nanomita 91.2 ba. Kafin sarari ya washe, sai da aka samu irin wannan haske mai yawan da zai ɓalle elektaron daga kusan kowace ƙwayar haidirojin, har da rara, domin wasu kan sake haɗewa. Aikin ya kammala ne wajen shekara biliyan 1 da somawar sararin samaniya, kuma awon da kumbon Planck mai nazarin hasken farkon sarari ya yi ya nuna an kai rabinsa wajen shekara miliyan 700.

A watan Fabrairun 2024 ne masanin taurari Hakim Atek da abokan aikinsa suka yi amfani da Webb suka fitar da bincike kan ƙananan gungun taurari guda 8 da ke can bayan wani babban tarin gungun taurari mai suna Abell 2744. Nauyin tarin yana lanƙwasa haske yana ƙara masa ƙarfi, shi ya sa aka iya ganinsu. Sun tarar suna samar da haske mai ɓalle elektaron ninki 4 na abin da aka zata. Tunda ƙanana sun fi manya yawa nesa ba kusa ba, sai aka ce su ne suka yi aikin.

To amma lissafin yana tsaye ne kan abu uku: yawan gungun taurarin, yawan hasken da kowanne ke samarwa, da kason da ke kuɓucewa ya fita waje. Webb tana iya auna biyun farko. Na ukun kuwa ba ya aunuwa kai tsaye a wancan zamani, domin haidirojin da ke kan hanya tana haɗiye hasken tun bai iso gare mu ba. Sai dai a kwatanta da gungun taurari na kusa masu kama da su, waɗanda na'urar Hubble ta auna, su ma kuwa ba bakinsu ɗaya ba: wasu kusan ba sa sakin komai, wasu fiye da rabi. Ya danganta da ko fashewar manyan taurari ta huda ƙofa a cikin gas da ƙura, da kuma ko ƙofar tana fuskantarmu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yanzu matsalar ta juya. A da ana kukan hasken bai isa ba. Yau idan aka ɗauki sababbin alƙaluman yadda suke, hasken ya yi yawa, aikin zai ƙare da wuri fiye da yadda Planck ya nuna. Ko dai kason da ke fita ƙarami ne, ko dunƙulallen gas ya ci haske fiye da zato, ko kuma gungu 8 a kusurwa ɗaya ba sa wakiltar sauran.

Abin da zai raba gardama shi ne auna haidirojin ɗin kanta ta siginar rediyo da take fitarwa mai tsawon zango santimita 21, wadda faɗaɗar sarari ta miƙar zuwa tsakanin megahaz 100 da 200. Aikin da na'urar kama siginar rediyo ta HERA a Afirka ta Kudu ta sa a gaba ke nan, haka ma ɓangaren babbar na'urar rediyo ta SKA da ake ginawa a yammacin Ostireliya. Wahalar ita ce ƙarar rediyon gungun taurarin da duniyarmu ke ciki ta ninka siginar sau dubbai, ga kutsen tashoshin FM.

Ina roƙo idan za ku sake kawo labarin, ku bayyana wa masu karatu wane adadi aka auna, wane kuma aka ƙiyasta.

Naku,
Wani mai karatu